Babi na Shida: Waƙafin Sama da Karan Ɗori a Rubutun Turanci

A shekarar 2009, da aka cika shekara 100 da haihuwar Kwame Nkrumah, Shugaba John Atta Mills na Ghana ya ware 21 ga Satumba ta zama ranar hutu, aka raɗa mata suna "Founder's Day". Bayan shekara goma, a zamanin Shugaba Nana Akufo-Addo, majalisar dokokin ƙasar ta yi wa dokar hutu kwaskwarima, ta fito da sabon hutu ranar 4 ga Agusta mai suna "Founders' Day". Haruffan suna nan yadda suke, ba a ƙara ba, ba a rage ba. Ɗan waƙafin nan da ke rataye a sama ne kaɗai ya tsallake harafi ɗaya ya koma bayan "s". Mai karanta labarai a rediyo ba shi da yadda zai yi ya bambanta sunayen biyu da bakinsa, domin furucinsu ɗaya ne. Duk da haka 'yan siyasar Ghana sun daɗe suna tayar da jijiyar wuya a kan wannan ɗan tsallake, kuma suna da hujja. Rubutun farko cewa yake mutum ɗaya ne ya kafa ƙasar, wato Nkrumah. Na biyu cewa yake aikin mutane da yawa ne. Ranar 4 ga Agusta kuwa ita ce ranar da aka kafa jam'iyyar UGCC a 1947, kuma cikin jagororinta shida da Turawan mulki suka tsare a 1948 har da mahaifin Akufo-Addo da wasu danginsa biyu. 'Yan adawa suka ce so ake a rage wa Nkrumah tsawo. A 2025, bayan John Mahama ya dawo mulki, majalisa ta soke hutun Agusta, ta mayar da bikin watan Satumba.

A babin da ya gabata mun yi maganar aya da waƙafi, alamomin da kunne yake taimaka wa hannu wajen sanya su. Inda numfashi ya tsaya, galibi nan suke zama. Waɗannan biyu da ke gabanmu ba haka suke ba. Waƙafin sama da karan ɗori na ido ne zalla. Mutum zai iya jin Turanci kamar bakinsa, ya yi shekara talatin yana magana da shi a ofis, amma in ya ɗauki biro sai ya rasa inda zai ajiye su. Turawan ma kansu haka suke fama, kuma za mu ga dalili.

Bahaushe yana da ƙarin matsala guda, wadda kuma ita ce ƙarin damarsa: ya riga ya san alamomin nan biyu daga rubutun boko, sai dai aikin da ya san su da shi daban ne. A wurinmu waƙafin sama harafi ne cikakke, hamza ce, ana furta ta. Cire ta daga "sa'a" ko "ma'ana" ko "jama'a" ka ga kalmar ta lalace. "Ba'a" daban, "ba a" daban. A "'ya'ya" har biyu ne a Nijeriya, inda mutanen Nijar suke sa harafi mai lanƙwasa a madadinsu. Saboda haka hannunmu ya saba da jefa alamar a duk inda muka ji murya ta ɗan katse. A Turanci kuwa ba ta da sauti ko kaɗan. Ayyukanta biyu ne, kuma duk wanda ya riƙe su ya gama da rabin wahalar.

Aikin farko shi ne tsohon aikinta. Alamar ta fara bayyana a ɗab'i a birnin Venice na Italiya a 1496, a maɗaba'ar Aldus Manutius. Wani mai ɗab'i Bafaranshe, Geoffroy Tory, ya shigar da ita Faransanci a 1529, daga nan Turawan Ingila suka ara a cikin ƙarni na 16. Duk inda ta je abu ɗaya take faɗa: a nan an cire harafi. "Do not" ya zama "don't" saboda an cire "o". "I am" ya zama "I'm", "she will" ya zama "she'll", kuma "o'clock" da muke ji kullum guntun "of the clock" ne. Lura da kyau, alamar tana zama a gurbin harafin da aka cire ne, ba a mahaɗar kalmomin biyu ba. Wannan ne ya sa "does'nt" da "did'nt" da suka cika takardun ɗalibai kuskure ne, daidai shi ne "doesn't" da "didn't". Akwai kuma wani kuskure da wayar hannu ta yaɗa a ƙasarmu, na rubuta "am coming" ko "am fine". Kunne ne ya ji "I'm" kamar "am", hannu ya bi shi, mai maganar ya ɓace daga jimlar gaba ɗaya. Sannan irin wannan taƙaitawa ta hira ce da wasiƙar zumunci. A takardar neman aiki ko wasiƙa zuwa ga hukuma, a rubuta kalmomin a cike.

Aiki na biyu shi ne nuna mallaka, kuma a nan ne ake kai ruwa rana. A tsohon Turanci, shekara dubu da suka wuce, sunaye da yawa suna ɗaukar ɗafa-ƙeya "es" don nuna mai abu. Da tafiya ta yi nisa aka daina furta wasalin, masu ɗab'i suka sa waƙafin sama a gurbinsa. Ke nan asalin aiki na biyu ma na farkon ne. Sai a ƙarni na 18 wannan ɗabi'a ta zauna sosai ga suna tilo, ta jam'i kuwa ba ta daidaita ba sai tsakiyar ƙarni na 19. Ƙa'idar da ake dukan yara a kanta a makaranta ba ta kai shekara ɗari biyu da kammaluwa ba.

Hausa tana da abin da ya yi kama da wannan, wato "n" da "r" na "gidan Audu" da "motar Audu". Bambancin shi ne mu abin da aka mallaka muke fara ambata, kuma shi muke maƙala wa alamar. Bature mai abin yake fara ambata, kuma shi yake maƙala wa: "Audu's house", "Audu's car". Daga nan ne hanya mafi sauƙi ta fito, wadda nake ganin ta fi dogon bayanin littattafan nahawu amfani. Tambayi kanka da Hausa: na wa ne? Rubuta amsar da Turanci yadda take, kada ka taɓa ta. Sannan ka duba ƙarshenta. In amsar "the teacher" ce, ƙara waƙafin sama da "s", ka sami "the teacher's office", ofishin malami. In amsar "the teachers" ce, jam'i ne da ya riga ya ƙare da "s", sai ka sa waƙafin kaɗai a bayansa, ka sami "the teachers' office", ofishin malamai. In kuma jam'in bai ƙare da "s" ba, irin su "children", "women", "men" da "people", to a yi masa yadda ake yi wa tilo: "children's", "women's". Shi ya sa 27 ga Mayu a Nijeriya "Children's Day" ce, 1 ga Mayu kuwa "Workers' Day". Babu wata kalma "childrens" a Turanci, don haka babu yadda za a yi waƙafi ya zo bayanta.

Duba allon makarantar 'yan mata ta gwamnati mafi kusa da kai.  Wani allon za ka ga "Government Girls' Secondary School", wani "Girl's", wani kuma "Girls" babu komai. Na farko ne cikakken daidai. Na biyu yana cewa gwamnati ta gina makaranta sukutum saboda yarinya ɗaya. Na uku yana da masu kare shi, za mu zo kansu. A Ingila akwai kwaleji biyu da wannan bambanci ya raba sunayensu. Ta Oxford, wadda aka kafa a 1341 don girmama sarauniya ɗaya, "Queen's College" ce, kamar takwararta ta Legas da aka buɗe a 1927. Ta Cambridge kuwa "Queens' College" ce, domin sarauniya biyu ne suka kafa ta, ɗaya a 1448, ɗaya ta sake kafa ta a 1465.

Tambayar nan ta "na wa ne" tana aiki har a kan lokaci, inda ɗalibai suka fi mantawa. Muna cewa "albashin wata uku" da "aikin yini ɗaya", da "n" ɗinmu a ciki. Bature ma haka: "three months' salary", "a day's work". In mutum biyu suka yi tarayya a abu ɗaya, na ƙarshe ne ke ɗaukar alamar, "Musa and Audu's shop". In kowa da nasa, kowa ya ɗauki tasa.

Yanzu ga ramin da ya fi kowane cin mutane. Wakilan suna na mallaka, wato "his", "hers", "ours", "yours", "theirs" da "its", ba sa ɗaukar waƙafin sama ko kusa. "It's" mai waƙafi ma'anarsa "it is" ko "it has", ba ta wuce nan ba. Haka "who's" da "whose", haka "you're" da "your". Gwajin ba shi da wuya: warware kalmar ka karanta. In "it is" ta zauna daram a jimlar, sa waƙafi, in ba ta zauna ba, bar shi. Ya kamata a yi wa mai wannan kuskure adalci, domin hankalinsa bai kauce ba. Ya ga "the dog's tail", sai ya ce ai "it's tail" ma haka. Marubutan ƙarni na 18 da yawa haka suka yi tunani, har Thomas Jefferson ya rubuta ta da waƙafi a daftarinsa na takardar shelar 'yancin Amurka a 1776. Daga baya masu ɗab'i suka raba kalmomin biyu, kuma rabon ya zauna. A yau babu editan da zai bar wannan ya wuce, kuma mai ɗaukar ma'aikata da ya gan shi a layin farko na takardarka ya riga ya yanke maka hukunci, ko da bai faɗa ba.

Kuskure na biyu a yawa shi ne sa waƙafin a jam'i tsurarsa, inda babu mallaka kuma babu harafin da aka cire. A Ingila har suna da shi, ana jingina shi ga masu sayar da kayan lambu, saboda allunan farashi da suke rubuta "apple's" da "banana's". Namu allunan ba su tsira ba. Zaga kasuwar waya a kowane babban gari, za ka ga "Phone's and Laptop's" da fenti mai kyau, ko katin ɗaurin aure da aka kashe kuɗi wajen bugawa ɗauke da "Congratulation's". Mai fentin ba shi da laifi sosai, abin da aka ba shi ya kwafa, kuma ya ga kamar alamar tana ƙara wa rubutu kwarjini. Jam'i dai "s" kawai yake so. Haka taƙaitattun sunaye da shekaru: "NGOs", "the 1990s". Inda aka yarda a saki ƙa'idar shi ne jam'in harafi guda, kamar a ce ɗalibi ya ci "five A's", domin in babu waƙafin sai a karanta "As".

In ban da allon "Girls", duk abin da na faɗa zuwa nan tabbatacce ne, babu saɓani a kansa tsakanin Landan da New York da Legas. Daga nan kuma sai mu shiga filin da malamai suka rabu. Sunan mutum tilo da ya ƙare da "s" fa? Muna da su da yawa: Idris, Abbas, Ilyas, har da garuruwa irin Jos. "Idris's car" ne ko "Idris' car"? Duka biyun suna da manyan magoya baya. A 2024, da Kamala Harris ta fito takarar shugabancin Amurka, gidajen jaridun ƙasar suka rabu a fili. Kamfanin dillancin labarai na AP ya tsaya a kan "Harris'", jaridun New York Times da Washington Post suka tsaya a kan "Harris's". Masu kallon ƙwallo sun san filin Newcastle, "St James' Park". A tsakiyar Landan akwai lambun shaƙatawa mai suna "St James's Park". A Exeter kuma akwai filin ƙwallo "St James Park", babu waƙafi sam. Suna ɗaya, rubutu uku, ƙasa ɗaya. Ni dai ina bin baki a nan: tunda mai magana yana ƙara gaɓa ya ce "Idrisiz", to a rubuta "Idris's". Amma malamin da zai ja wa ɗalibi jan biro saboda ya zaɓi ɗayan, ya zalunce shi. Abin da za a nema daga ɗalibi shi ne kada ya canza sheƙa a tsakiyar shafi.

Akwai ma masu ganin a yi watsi da alamar baki ɗaya. Marubucin wasan kwaikwayo George Bernard Shaw ya riƙa cire ta daga kalmomi da yawa a littattafansa. Hukumar sunayen wurare ta Amurka, da aka kafa a 1890, ta ƙi yarda da waƙafin mallaka a taswira, kuma wurare biyar kacal ta ɗaga wa ƙafa, mafi shahara cikinsu tsibirin "Martha's Vineyard". Majalisar birnin Birmingham ta cire shi daga allunan tituna a 2009, kantin littattafai na Waterstones ya cire shi daga sunansa a 2012. Ko a gida, jam'iyyar PDP "Peoples Democratic Party" take rubuta sunanta. Masu wannan ra'ayi cewa suke kalmar farko a irin waɗannan sunaye bayani take yi, ba mallaka ba, kuma da wannan hujja ake kare allon "Girls" da muka gani. A ɗaya ɓangaren kuma, wani tsohon ɗan jarida a Ingila, John Richards, ya kafa ƙungiya a 2001 don kare waƙafin sama kawai, ya riƙa aika wa masu kantuna wasiƙu cikin ladabi yana nuna musu kuskurensu. Ya rufe ta a 2019 yana da shekara 96, yana kukan cewa jahilci da lalaci sun yi galaba. Sai dai ba ko'ina ya sha kaye ba. A Cambridge, da hukumar birni ta fara cire alamar daga allunan tituna, mazauna garin suka riƙa fita da alƙalamin maka suna mayar da ita, har hukumar ta janye a 2014.

Hujjar da hukumomin nan suka fi kawowa ita ce kwamfuta, wai alamar tana rikita rumbun adana bayanai. Wannan hujja ta shafe mu kai tsaye, fiye ma da yadda ta shafi Bature. In aka cire waƙafi daga sunan titi a Birmingham, furucin sunan bai canza ba. In aka cire shi daga Sa'adu, Mu'azu, Rabi'u ko Asma'u, an cire harafi ne daga sunan mutum. Duk mai irin wannan suna ya san fom na intanet da ke ƙin karɓarsa har sai ya goge hamzar, kuma layuka biyun da na'ura ke karantawa a ƙasan fasfo ba sa ɗaukar ta bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa. Mutanen Ayalan masu suna irin O'Brien suna wannan kuka. A ganina gazawar mai tsara manhaja ce, kuma ba daidai ba ne a ce harshe ya rage haruffansa don a sauƙaƙa masa aiki.

Karan ɗori sha'aninsa ya fi sassauci, kuma ya fi rikici. Mu mun fi sanin sa a kalmomi masu maimaici, "tafiye-tafiye", "daban-daban", "sannu-sannu", da kuma harɗaɗɗun kalmomi irin "ka-ce-na-ce" da "faɗi-tashi". Turanci ba ya gina jam'i da maimaici, amma aikin haɗa kalmomi su zama abu ɗaya, wannan mun yi tarayya. Daɗaɗɗen aikinsa a ɗab'i shi ne raba kalma a ƙarshen layi, ana ganin sa tun a Baibul ɗin da Gutenberg ya buga a Jamus wajen 1455. Kwamfuta ta ɗauke mana wannan yanzu. Mai rubutu da hannu dai ya raba a kan gaɓa, ya sa karan a ƙarshen layin sama, ba a farkon na ƙasa ba.

Wuraren da ba a jayayya a kansu kaɗan ne. Lambobi masu kalma biyu daga 21 zuwa 99, in aka rubuta su da kalmomi, suna ɗaukar kara: "twenty-one", "ninety-nine", abin da mai cika takardar banki yake buƙata kullum. Ɗafa-goshi irin "ex" da "self" suna ɗauka, "ex-governor", "self-help", haka kowane ɗafa-goshi da ya zo gaban babban baƙi, kamar "non-Muslim". Sai kuma inda rashin karan zai haifar da wata kalma dabam. A watan Agusta na 2021, da Cristiano Ronaldo ya koma Manchester United bayan shekara 12 da barinta, kalmar da jaridu suka yi amfani da ita ita ce "re-sign", sake sa hannu a kwantiragi. Cire karan ka sami "resign", wato ajiye aiki. Ɗaya shigowa ce, ɗaya fita. Haka "re-cover", sake rufewa, da "recover", warkewa. Kishiya ma da Turanci "co-wife" ce, kuma karan ne ke hana ido ya fara cin karo da "cow", wato saniya, a farkon kalmar.

Babban aikinsa, wanda ya cancanci a tsaya a kansa, shi ne ɗaure kalmomi biyu ko fiye da suka taru suka zama sifa ɗaya a gaban suna. "A second-hand car", "a first-class degree", "small-scale farmers". Karan yana gaya wa mai karatu cewa waɗannan tare suke tafiya, kamar igiyar da ake haɗa awaki biyu da ita ranar kasuwa don kada ɗaya ta bi wani garke. Ba ado ba ne. "A small-business owner" mai ƙaramar sana'a ne. "A small business owner" ana iya karanta shi a matsayin ɗan kasuwa mai ƙaramin jiki. Wanda aka ɗauka aikin gadi ya kamata ya duba takardarsa da kyau, domin "twenty four-hour shifts" zama ashirin ne na awa huɗu-huɗu, "twenty-four-hour shifts" kuwa kwana da yini ne a bakin ƙofa. In sifar ta koma bayan sunan, haɗarin ruɗani ya kau, karan ma sai ya tafi: "a well-known singer", amma "the singer is well known". Haka "a five-year-old boy", amma "the boy is five years old". Ka lura a na farkon "year" ba ta ɗauki "s" ba, nan ma wurin tuntuɓe ne. Bayanau da ya ƙare da "ly" ba ya buƙatar kara ko a gaban suna, domin siffarsa ta riga ta nuna inda ya dosa: "a newly elected governor".

Gwamnatin Amurka ta taɓa biyan kuɗin wannan darasi. A dokar harajin kwastan ta 1872, an so a yafe haraji ga tsiron itatuwan marmari da ake shigowa da su don dasawa. Wajen kwafe dokar sai waƙafi ya faɗa tsakanin "fruit" da "plants", wurin da karan ɗori ya kamata ya haɗa su. Abu ɗaya ya zama biyu: 'ya'yan itace, da kuma tsirrai. Masu shigo da lemo da ayaba suka ce doka ta yafe musu, suka nemi a mayar musu da abin da suka biya. Kafin majalisa ta gyara a 1874, baitulmali ya yi asarar kimanin dala miliyan 2 na wancan zamani.

Wajen harɗaɗɗun sunaye kuwa, gaskiyar magana babu ƙa'ida, al'ada ce da ke tafiya da zamani. Kalmomi biyu sukan fara zama a rabe, sai a haɗa su da kara, in aka saba da su sai su narke su zama ɗaya. Littattafan Ingila na farkon ƙarni na 20 cike suke da "to-day" da "to-morrow". A 2007, bugu na shida na ƙamusun Shorter Oxford ya cire karan ɗori daga kalmomi kusan 16,000 a tashi ɗaya. Wasu suka haɗe, "pigeon-hole" ya zama "pigeonhole", wasu suka rabu, "ice-cream" ya zama "ice cream". AP ta mayar da "e-mail" zuwa "email" a 2011. Ƙasa ma tana da tata al'adar. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 yana rubuta "Vice-President" da "Attorney-General" da kara, jaridun Amurka ba sa sawa. Jam'in irin waɗannan yana hawa kan babbar kalmar ne, "Attorneys-General", "mothers-in-law", amma waƙafin mallaka ƙarshe yake tafiya: "my mother-in-law's house", gidan surukata.

Har siyasa ta taɓa shiga cikinsa. A watan Oktoba na 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsohon Shugaba Theodore Roosevelt ya yi jawabi a New York yana sukar Amurkawan da ke haɗa asalinsu da ƙasarsu da kara, irin "German-American", yana zarginsu da raba biyayya gida biyu. Tabon wannan zargi bai gushe ba, kuma a 2019 AP ta daina sa karan a "African American" da makamantansa.

Kada a haɗa karan ɗori da dogayen 'yan'uwansa biyu. Matsakaicin yana nuna "daga nan zuwa can", kamar 1967–1970, mafi tsawon kuma yana katse jimla ne. Nasu bayanin yana babi na gaba.

Tunda harɗaɗɗun sunaye ba su da ƙa'ida, ƙamus ne alƙali, kuma ƙamus ɗaya. Makarantunmu da jarrabawarmu sun fi karkata ga al'adar Birtaniya, don haka ƙamusun ɗalibai na Oxford ko wani irinsa na Ingila zai fi yi maka amfani. Buɗe shafinsa na biyu ka duba shekarar da aka buga shi, domin wanda ka gada daga yayanka yana iya ba ka kara a inda aka daɗe da cire shi. In ka zaɓi "cooperate" a shafin farko, kada "co-operate" ta ɓullo a na uku. Kafin ka wuce zuwa babi na gaba, samo jaridar Turanci ta yau, ka zagaye kowane waƙafin sama da ke shafin farko, ka tambaye shi ɗaya bayan ɗaya: wane harafi aka cire a nan, ko kuwa na wa ne? Wanda bai amsa ko ɗaya ba, ka soke shi.